Ba na cin abinci da yawa amma kullum ƙiba nake yi, al'adata ma ta rikice. Daga ci ne ko cuta ce?

YarFagge: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema don wlh abin ya fara damuna. Shekarata 29, shekara huɗu da aure, ban taɓa ko ɓari ba. Lokacin bikina kilo 64 nake, jiya na hau sikeli a kemis ɗin unguwarmu na ga 89. Kuma Allah shi ne shaida ba wani ci nake ba, da safe shayi da biredi, da rana wani lokacin ma ba na ci sai dai na sha lemo, sai dare na ci tuwo ko taliya. Al'adata sai ta yi wata biyu uku ba ta zo ba, na yi gwajin ciki har na gaji babu komai. Bayan wuyana ya yi baƙi kamar dauɗa, na dirje da soso har ya yi ciwo bai fita ba, ga wasu gashi guda guda a haɓata da nake tsigewa a ɓoye. Uwar mijina ta ce hutu ne ya yi min yawa kitse ya toshe min mahaifa. To ni dai ban gane ba, ƙibar ce ta kawo wannan ko wani ciwon ne ya kawo ƙibar?

Hajiya_Kaltume: Wa alaikumus salam 'yata. Ke kam gode wa Allah, wasu kuɗi suke kashewa su samu jikin da kike kuka da shi. Mu a zamaninmu in amarya ta shekara ba ta ciko ba ai sai a ce mijin ba ya ciyar da ita. Haihuwa kuma ta Allah ce.

NasRabi: Hajiya ranki ya daɗe haihuwa ta Allah ce kam, amma abubuwan da ta lissafa ba na hutu ba ne. YarFagge, rikicewar al'ada da gashin haɓa da baƙin wuya da ƙibar ciki in suka haɗu a mace ɗaya abu na farko da likita zai zarga shi ne PCOS, wato rikicin sinadaran jiki da ke hana ƙwan haihuwa nuna ya fita kowane wata. Ba baƙon ciwo ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana taɓa kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa, kuma mafi yawansu ba su ma san suna da shi ba. Wannan baƙin wuyan ki daina dirza shi dan Allah, ba dauɗa ba ce, alama ce cewa insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jiki, ya yi yawa a jininki. Kuma ba wani kitse da ke shiga ya toshe mahaifa kamar an cusa tsumma a kwalba, ƙwan ne ba ya fita. Amma ni nas ce, kuma ba a gane ciwo ta waya, sai an yi gwaji.

Abba_Dorayi: Ni fa ban yarda da maganar "ba na ci" ɗin nan ba. Duk mai ƙiba haka yake cewa. Iska ce take hura mutum?

YarFagge: Malam Abba ai ba ka zauna da ni ba balle ka auna min.

Maman_Sadiq: Abba ka ji tsoron Allah, mace ta zo da damuwarta kai kuma ka zo da gatse. Amma 'yar uwa tsakani da Allah ki duba abin da kika rubuta da kanki. Shayin nan cokali nawa na suga da madara? Biredin yanka nawa? Lemon kwalba nawa a rana? Ni ma haka nake rantsuwa ba na ci, sai da likita ta sa na rubuta duk abin da ya wuce maƙogwarona na sati ɗaya a littafi, har ragowar abincin yara da nake cinyewa don kar a zubar, da cincin ɗin da nake ɗan jefawa in ina kallo, da kunun aya na maƙociyata. Da na karanta sai da kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki. Abincin kwano kam kaɗan ne, abin sha da ɗan taɓe-taɓen nan su ne suka kashe ni.

NasRabi: Wannan gaskiya ne. Robar lemo ta 50cl tana ɗauke da suga wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12 kenan, kuma wannan shi ne iyakar abin da ake so babban mutum ya sha a yini gaba ɗaya, in da hali ma rabin haka. Ga shi ba ya ƙosarwa, kin sha kin tashi da yunwarki.

DrBello_Zariya: Salam. Na ga an fara ja tsakanin masu cewa ci ne da masu cewa cuta ce, to duka biyun suna iya zama gaskiya a jiki ɗaya, don abin zagaye yake yi. Bari na ɗan yi bayani, ku yi haƙuri da tsawo.

Duk abin da muka ci na hatsi, tuwo ne ko shinkafa ko biredi ko masa, yana komawa suga a jini. Insulin shi ne ke ƙwanƙwasa ƙofar tsoka da hanta su buɗe su karɓi sugan. A wasu mutane, saboda gado ko kitsen ciki ko rashin motsi, sai ƙofar ta daina jin sallama, sai jiki ya ƙara turo insulin ninki-ninki kafin a buɗe. Shi kuma insulin in ya yi yawa aikinsa tara kitse ne da hana shi narkewa, sannan a jikin mace yana zuga ma'ajiyar ƙwai ta fitar da sinadarin maza fiye da ƙima, daga nan gashin haɓa da ƙuraje da tsayawar al'ada. Kitsen ya ƙaru, ƙofa ta ƙara kurumcewa, insulin ya ƙara hawa. Shi ya sa mata biyu za su ci kwano ɗaya ɗaya ta cika ɗaya tana nan kamar sanda.

YarFagge ki gaya min tsayinki. Sannan abubuwan da zan so a duba miki: suga da safe kafin ki ci komai ko HbA1c (gwajin da ke nuna yadda suga yake a 'yan watannin baya), awon hawan jini, kitsen jini, TSH (gwajin aikin maƙoƙo), furolaktin (sinadarin da ke kawo ruwan nono), da sikanin na mara. Kuma kar ki bar al'ada ta riƙa wuce wata uku ba ta zo ba kina zaune, bangon mahaifa yana yin kauri, akwai maganin da ake bayarwa ta zo.

YarFagge: Na gode likita Allah ya saka da alheri. Tsayina 1.62 aka rubuta min a katin asibiti.

DrBello_Zariya: To ki ninka 1.62 sau 1.62, ki raba 89 da abin da ya fito, zai ba ki kusan 34, shi ne ma'aunin ƙiba da muke kira BMI. Daga 25 an shiga nauyi fiye da ƙima, daga 30 ita ce ƙibar da muke ɗauka ciwo. Amma ni na fi damuwa da kugu. Ki ari tef ɗin tela ki auna daidai wajen cibiya ba tare da kin shanye ciki ba, mace in ta wuce santimita 80 namiji 94 an fara shiga haɗari.

Sarkin_Fawa_Jr: Hhhh likita ni mahauci ne na gane maganarka sarai. Akwai ragon da za ka gani a waje ba wani cika ya yi ba amma kana farke shi ka ga kitse ya lulluɓe tumbi da hanji da ƙoda fari fat, wani kuma kitsen a bayan fata yake. Ashe mu ma haka muke.

DrBello_Zariya: Sarkin fawa ka fi ɗalibaina saurin ganewa. Wancan na cikin shi ne mugun, don jininsa kai tsaye hanta yake zuwa. Na cinya da mazaunai bai kai shi illa ba.

Alh_Tumbi: Tunda an zo kan tumbi bari na tona wa kaina asiri, don kar a ɗauka matsalar mata ce kawai. Ni ɗan kasuwa ne a Kwari, daga mota sai kujera sai mota, abinci a kawo min har shago, yamma tsire da lemo mai sanyi, dare mai ɗaki ta ajiye min malmala uku. Mutane na ta ce min Alhaji kuɗi sun zauna ina jin daɗi. Sai bara zan yi tafiya aka ce sai an yi awo, jini 145 bisa 95, suga 112, kugu 108, kitsen jini ma aka ce ya hau. Ni ba inda ke min ciwo wlh in ban da minshari da mai ɗakina ke ƙorafi da gyangyaɗi da rana ko ana ciniki. Likitan ya ce min Alhaji ba ka da ciwon suga tukuna amma kana bakin ƙofarsa ka ɗaga labule. Wani suna ya kira abin mai tsawo na manta.

NasRabi: Metabolik sindrom ya ce maka Alhaji. Ba ciwo ɗaya ba ne, taron alamu biyar ne: faɗin kugu, jini daga 130 bisa 85, suga na safe daga 100, kitsen jini mai suna tiragilisarayid daga 150, da ƙarancin kolestarol mai kyau, ƙasa da 40 ga namiji 50 ga mace. Wanda ya haɗa uku ya shiga. Kai ka haɗa huɗu ma. Ciwon suga sosai kuma daga 126 yake farawa. Minsharin nan ma kar ka raina shi, in har numfashinka na ɗaukewa cikin barci shi kansa yana ta da hawan jini.

Issoufou_Damagaram: Sannunku 'yan Najeriya. Ƙarin bayani kaɗan don mutanenmu na nan Nijar kar su ruɗe, mu takardar awonmu da giram take zuwa, za ka ga an rubuta 1,26 g/l, shi ne 126 ɗin da malama nas ta faɗa. Wata ƙanwar babana ta ga 1,40 a takardarta ta ce ai ɗaya da 'yan kai ne kawai ba komi, ashe sukari ne ya kama ta.

Zee_Kayan_Mata: Sis YarFagge ki min magana ta inbos, ina da shayin rage ƙiba da tumbi na gargajiya zalla, sati biyu za ki ga kin zube, yana wanke mahaifa kuma.

Maman_Sadiq: Ga su nan sun iso. Zee na sha irin shayinku kwana tara, abin da na samu zawo ne kawai har sai da aka ƙara min ruwa leda biyu. Sikeli ya nuna na rage kilo uku ina murna, sati ɗaya da dainawa suka dawo da ƙannensu. Ruwan jiki ne yake fita ba kitse ba.

Zee_Kayan_Mata: Ba nawa kika sha ba dai.

Admin_Sani: A daina talla a nan dan Allah, an sha faɗa.

Ummi_Katsina: Ni tambaya zan yi wa mai tambaya kuma kar ki ji haushi. Kafin bikinki an ba ki maganin gyaran jiki? Ina nufin irin su sha ka fashe. Dalilin tambayata ƙanwata siririya ce sosai, da aka sa ranarta ƙawaye suka ce ango zai raina ta, wani ɗan kemis ya haɗa mata ƙwayoyi a farar leda babu ko suna, da wani ruwa na sa cin abinci. Wata uku fuskarta ta zama kamar faifai, kumatu sun cika, wuya ya yi tozo ta baya, ciki ya fito amma ƙafafu da hannu suna nan sirara, ga wata irin nankarwa mai faɗi ja-ja a cikinta da cinya. Kowa na cewa amarya ta yi kyau. Bayan biki ta daina sha rana ɗaya, kwana uku ta kasa tashi, amai, jiri, jini ya faɗi, sai a asibiti aka gane deksa ce a ciki. Har yau tana fama da suga tana da shekara 24.

DrBello_Zariya: Allah ya ba ta lafiya. Ummi kin taɓo babban abu. Deksa da firedinisolon magunguna ne masu amfani a wurinsu, amma kwaikwayon kotisol suke yi, sinadarin da wasu 'yan ƙananan halittu a saman ƙoda ke fitarwa. In ya yi yawa a jiki shi ne ciwon da ake kira Kushin, kuma siffar da kika zana ita ce tasa sak. Ba lafiyayyar ƙiba ba ce, ruwa ne da kitse a inda bai dace ba, tsoka kuma tana zubewa, ƙashi na yin rauni. Haɗari na biyu, in an daɗe ana sha jiki yana daina yin nasa, to in aka yanke lokaci ɗaya mutum na iya mutuwa. Duk mai sha kar ta daina da kanta, ta je a rage mata a hankali. Har mayukan bilicin da yawa akwai irin wannan sinadarin a ciki kuma yana ratsa fata.

YarFagge: Innalillahi. Anti Ummi gaskiya na sha wani abu kafin biki amma wata ɗaya ne kawai, wata 'yar uwar babana ce ta kawo min, ban san sunansa ba. Na daina tun lokacin. Mai kuma ina shafawa har yanzu, haɗi ne ake min. Amma fa al'adata tun ina budurwa ba ta da tsari, takan yi tsallake, kawai dai yanzu ya fi yawa.

NasRabi: To duk wannan ki faɗa wa likita kar ki ɓoye komai, ki tafi da robar man ma a jakarki ya gani. Tsallaken tun kina budurwa ya ƙara karkata ga PCOS, amma man zai iya ƙara wa Borno dawaki.

Abba_Dorayi: To ai kun dawo maganata, lemo da shayi da ƙwayoyi, duk da hannunta ta kai bakinta. Mutum ya rufe bakinsa ya yi azumin Litinin da Alhamis ya ga in bai rame ba.

Malam_Nura: Abba azumi ibada ce kuma akwai lafiya a ciki, amma dubi yadda muke buɗe-baki. Mutane nawa ne ke fita Ramadan sun fi yadda suka shiga nauyi? Kunu da suga, ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai, zoɓo, sannan a zauna wa shinkafa bayan tarawihi. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya ce kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, mu kuwa har wurin numfashin muke cusa wa tuwo. Kuma ba kyau ka riƙa yi wa mara lafiya gori.

Fati_Accra: Ni nawa daban ne, na sa a nan ko zai amfani wata. Bayan haihuwata ta biyu na yi ta kumbura, kasala kamar an yi min duka, sanyi nake ji ko ana zafi, gashina na zuba, bayan gida sai na kwana uku. Kowa ya ce jego ne, a ƙara min kunu. Shekara guda ina haka kafin aka gwada TSH aka ce maƙoƙona ne ba ya aiki sosai, alhali wuyana bai kumbura ba ko kaɗan. Ƙwaya ɗaya nake sha kullum da asuba kafin na ci komai, na dawo mutum. Amma gaskiya kilo huɗu kawai na rage da maganin, sauran sai da na tashi tsaye.

DrBello_Zariya: Haka ne Fati, raunin maƙoƙo yana ƙara nauyi amma 'yan kiloli ne, ba ya kai mutum daga 64 zuwa 89 shi kaɗai.

Khalifa_Abj: Wai ba ga allurar nan Ozempic da ake ta yayi ba, me zai hana ta yi kawai ta huta?

DrBello_Zariya: Tana aiki, ba ƙarya ba ne, asalinta ta masu ciwon suga ce kuma tana rage son cin abinci. Amma ga tsada, ga jabu, a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta da aka kama a Birazil da Birtaniya da Amurka, to ina ga wadda za a sayar maka a Instagram. In an daina kuma yawancin nauyin yana dawowa. Uwa uba mai neman ciki ba ta yin ta. Ita YarFagge in an tabbatar PCOS ne akwai maganin suga metformin, akwai magungunan sa ƙwai ya fita irin su letrozole, kuma da yawa suna haihuwa lafiya lau. Abin da zai ba ku mamaki ba sai ta koma 64 ba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta, wato kilo biyar zuwa tara, sau da yawa ya isa al'ada ta dawo kan tsari. Akwai wani babban bincike da aka yi a Amurka aka fitar a 2002 kan masu bakin ƙofar suga irin Alhaji, waɗanda suka gyara ci suka riƙa motsa jiki minti 150 a sati haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58, masu shan metformin kuma kashi 31.

Alh_Tumbi: Ni shaida ne. Ban daina tuwo ba, malmala uku ta koma ɗaya da rabi, miya ta fi yawa, na koma wake da zogale da rana, lemo sai ranar Juma'a. Bayan asuba ina zaga unguwa minti talatin da carbina. Wata takwas kugu ya dawo 99, suga 96. Matsalata ɗaya 'yan kasuwa sun fara raɗa wai karaya na yi, har wani ya zo min jaje a shago.

Maman_Sadiq: Alhaji kai namiji ne ka zaga unguwa, mu fa? Ni in na fita tafiya da asuba kafin na dawo an kai wa surukata labari. A tsakar gida nake yi, daga ƙofar kicin zuwa bakin rijiya taku 22 ne na ƙirga, ina zuwa ina dawowa har minti talatin yara na min dariya. Kakanninmu da Hajiya Kaltume ke magana ai daka suke da surfe da jan ruwa da niƙa, su ci tuwon dawa su ƙone shi kafin azahar, mu kuwa inji ya karɓe daka, famfo ya karɓe guga, adaidaita ta karɓe ƙafa, kwanon tuwon ne kawai bai ragu ba.

Hajiya_Kaltume: Wannan kuma gaskiya ne 'yar nan, ni da cikin fari har ranar da zan haihu sai da na yi surfe. To Allah ya ba ta lafiya ya kawo masu albarka. Amma dai kar a rame a lalace.

Ummi_Katsina: YarFagge shi maigidan ya san halin da ake ciki? Don maganar haihuwa ba a duba mace ita kaɗai, shi ma ya kamata a gwada shi.

YarFagge: Ya sani Anti, shi ba ya takura min, mahaifiyarsa ce dai. Maganar gwajinsa kuma hmm sai na samu ranar da yake cikin nishaɗi. Na aro tef wajen telar gidanmu na auna yanzu, 101 ya nuna, har sau biyu na sake ko na yi kuskure. Na samu kati na ranar Talata wajen likitan mata, an ce na zo ban karya ba saboda gwajin suga. Lemon kuma tun jiya ban sha ba kaina sai sarawa yake, haka ake ji ko wani abin ne kuma?

NasRabi: Zai daina cikin 'yan kwanaki, ki sha ruwa sosai kuma ki daina tsallake abincin rana, ki ci wake ko ƙwai da ganye. Kar ki manta robar man.

Issoufou_Damagaram: To ni tambayata fura fa? Don mu nan in aka ce a bar fura an ce a bar rayuwa.

Sarkin_Fawa_Jr: Likita ya tafi masallaci ina ga, bari ya dawo ni ma ina da tambaya kan kilishi.